Yadda Na Yi Gashin Baki a Kan Dutse

Ko me zan manta a duniya, ba zan taɓa mantawa da safiyar da na tsaya a kan dutse gaban maza uku, ina hawaye ina jawabi, da baƙin gashin baki shimfiɗe daga wannan kumatu zuwa wancan ba. Mace ce ni, in da mai tambaya. Aikin jinya nake yi a nan Bronx, kuma har zuwa wannan safiya ina lissafa kaina cikin masu hankali.

Bari in fara daga kofunan. Surukina marigayi, Baba Istifanus, mutumin Jos ne, kuma tun da ya zo New York ba abin da yake kewa kamar hawan dutse. Sai shi da amininsa Baba Ayuba suka ɓullo da wata al'ada: duk shekara idan ganyen bishiyoyi ya fara ja gabanin sanyi, su goya jaka su nufi duwatsun Catskills, su kwana a tanti, da safe su dafa shayi a can ƙololuwa. Suka sayi kofunan tagulla huɗu, ƙanana masu mariƙi mai naɗewa, biyu nasu, biyu na 'ya'yan Baba, wato mijina Ishaya da ƙaninsa Dauda. Bayan rasuwar Baba ba a fasa zuwa ba. Ana tafiya da kofinsa, a ajiye shi a kan dutse, ba mai sha da shi. An sha ba ni wannan labari, amma da kunne ɗaya nake ji, don ni a ganina mutumin da ke da gado da bargo a gida ya tafi daji ya kwanta a ƙasa, yana buƙatar addu'a. Ban taɓa tambayar wane kofi ne na wa ba.

To, wata safiya ina saurin fita aiki sai ga Hajiya Mariyama, maƙwabciyarmu ta ƙasa, 'yar Nijar mai shagon atamfa. Ta ce, "Madam, gobe za ni Maraɗi. Yajin ga naki, in ban kai musu ba sai sun yi hushi da ni." Ni kuwa ba abin da ke kashe ni kamar a yaba yajina. Na duba kicin, ba roba ko ɗaya mai murfi (duk sun tafi gidajen mutane da abinci, har yau suna can). Sai idona ya kai kan kofunan nan, Ishaya ya fito da su suna shan iska a kan tebur. Na tsaya na zaɓa, na ɗauki wanda ya fi kowanne muni, baƙi ƙirin, ga lotsawa a gefe. A raina na ce ko wannan ya ɓata ba a yi asara ba, sai in sayo sabo. Na cika shi da yaji, na ɗaure bakinsa da leda, na miƙa mata. Sauran ukun na zuba a 'yar jakarsu na tura cikin kabad.

Da yamma muna cin tuwo, Ishaya ya dube ni yana murmushi. Ya ce, "Albishirinki. Baba Ayuba ya ce bana da ke za a je. Ya ce kofin Baba ya gaji da zama ba mai sha da shi, ke za ki gaje shi."

Na ce, "Wanne ne ma na Baban?"

Ya ce, "Mai lotsawar nan mana."

Sai na hau tari. Na sha ruwa, na ce masa barkono ne ya sarƙe ni. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yadda idonsa ya ciko da ƙwalla sa'ad da yake faɗa. Mutumin nan bai riƙe komai na mahaifinsa ba sai Littafi Mai Tsarki da wannan kofi, ni kuma na maishe shi gwangwanin yaji.

Kowa zai ce me ya hana ni sauka nan take in karɓo? Kunya. Ta yaya zan ba mutum abu da safe, in je da yamma in ce a juye a ba ni mazubina? Na yi ta juya zancen har gari ya waye, kafin in yi ƙarfin halin buga ƙofa kuwa Hajiya ta kama hanyar filin jirgi. Maigidanta ya ce, "Ai ta kwashe komi, Madam. Ni ma da ƙyar na tsira ba ta sa ni cikin akwati ba." Na kira ta sau ɗaya bayan ta sauka. Muka gaisa, ta ba ni yayarta muka gaisa, aka ba ni wata gwaggo muka gaisa, ina shirin cewa "dama kofin nan" layi ya yanke. Ban sake kira ba.

Daga nan na shiga farauta. Na ɗauki hoton ɗaya daga cikin ukun da suka rage, na hau jirgin ƙasa zuwa Manhattan, na shiga wani ƙaton shagon kayan kwana a daji. Saurayin da ke wurin ya dubi hoton, ya kira wani, wanin ya kira wani. Daga ƙarshe aka gaya mini kamfanin da ke yin su ya rufe tun kafin a haifi mai yi mini bayanin. Suka nuna mini kofunan zamani, wasu har da murfi, wasu suna ninkewa kamar hular sanyi. Na ce ni mai lotsawa nake nema. Suka dube ni kamar yadda nake duban marar lafiyan da ya ce ya daina shan magani don ya ji sauƙi.

Na bi shagunan gwanjo na Fordham. Na je wata kasuwar tsofaffin kaya a Brooklyn ranar Asabar, na ce wa Ishaya taron mata zumunta za ni (Allah ya yafe mini, har da ɗaura ɗankwalin zumuntar na fita). Lokacin hutu a wurin aiki kowa na cin abinci, ni ina latsa waya ina neman kofi. Abokan aikina suka fara zargin ko wata matsala ce a gidana. Matsala kam akwai, amma ba irin wadda suke fatan ji ba.

Ana saura 'yan kwanaki tafiya na ci karo da shi a intanet. Wata tsohuwar Baturiya a Queens tana sayar da kayan mijinta da ya rasu, a cikin hotunan kuwa ga irin kofin nan sak, har da mariƙinsa mai naɗewa. Na je a guje. Ni da nake taya tumatir a shagon da farashi ke rubuce, ranar nan ko tari ban yi ba, abin da ta faɗa shi na biya. Ta ce mijin nata ya saya tun suna matasa, yana ta cewa za su je daji, har ya mutu ba su je ba. Shi ya sa kofin ke nan sabo dal a cikin takardarsa, yana ƙyalli kamar ɗan kunnen amarya.

Mai hankali a nan zai tsaya, ya kai wa mijinsa sabon kofi, ya durƙusa ya ba da haƙuri. Ni sai na ce bari in tsufar da shi.

Ranar da ba ni da aiki, da Ishaya ya fita, na rufe ƙofa na hau aiki. Na kwantar da kofin a kan tawul na maka masa muciya, ya lotsa, sai dai ban tabbata ko a gefen da ya kamata ba ne. Na kunna kyandir na riƙa juya shi a kan harshen wutar har ya yi baƙi. Da na taɓa sai baƙin ya goge. Nan ne dabara ta zo mini, irin dabarar da ke zuwa wa mutum idan Allah ya so ya ba mutane dariya: na shafe shi da man gyaɗa don hayaƙin ya kama, na sake mayar da shi kan wuta, ciki da waje har bakinsa. Na'urar hayaƙin gidan ta fasa ihu, na hau kujera ina yi mata fifita da faifai ina roƙonta da Hausa. Amma da na jera kofin cikin 'yan'uwansa, wallahi sai da na yaba wa kaina. Na naɗe shi shi kaɗai a cikin tsumma, na sanar cewa bana ni ce mai riƙon kofuna, kada wanda ya taɓa.

Ba zan ba da labarin hawan dutsen ba, don ban hau shi da mutunci ba. Baba Ayuba, mai furfura har a gira, yana gaba yana waƙar coci, ni ina baya ina tuba daga zunuban da ban ma aikata ba. Muka kwana a tanti, da safe muka ƙarasa ƙololuwa. Gaskiya wurin ya yi kyau, duk ƙasa ta yi ja da rawaya har iya ganin ido. Dauda ya dafa shayi. Na yi wuf na rarraba kofuna da kaina, na riƙe nawa gam ta mariƙi.

Baba Ayuba ya cire hularsa ya yi addu'a. Sannan ya ce, "'Yata, yau kin shigo cikinmu. Sha da kofin babanki, ki faɗa mana abin da ke ranki."

Na kafa kai na sha. Shayin da zafi, abin da ban lissafa ba ke nan, don zafi yana narkar da mai. Na ji wani ɗanɗano kamar na gindin tukunya, na daure na ƙara kurɓa. Na goge bakina da bayan hannu, hagu da dama, na soma jawabi. Na ce ban daɗe da sanin Baba ba, amma da na riƙe kofin nan sai na ji kamar hannunsa ne a kan nawa. Hawaye suka zo mini na gaske, rabi na kewarsa, rabi na tsoro. Na share su da tafin hannu.

Da na ɗago sai na ga duk sun sunkuyar da kai. Kafaɗun Dauda suna rawa. Baba Ayuba ya rufe fuska da hula. Ishaya ya juya baya yana wani irin nishi. A raina na ce kai, ashe na iya magana haka, na sa maza kuka! Sai na ƙara wuta. Na ɗaga kofin sama na ce ko wannan lotsawar da ke jikinsa, a wurina tarihi ce.

Ishaya ya tsugunna yana laluben aljihun gefen jakarsa, wai zai samo mini hankici. Ya jawo wata baƙar leda, ledar ta kwance, wani abu ya faɗo ya gangara a kan dutsen yana ƙara, dabino na watsewa a bayansa, har ya tsaya daidai ƙafar Baba Ayuba. Kofin tagulla ne, baƙi, mai lotsawa a gefe.

Ishaya ya dafe kai. Ya ce, "Af! Ledar Hajiya ce. Ana gobe za ta yi tafiya, ina dawowa daga atisayen hawan dutse a matakalan unguwar Highbridge da jakar nan a bayana, ta tare ni a bakin lifta ta ce in kawo miki. Na cusa a nan na manta."

Ashe tun a ranar baiwar Allah ta juye yajinta a wani mazubi, ta wanke kofin, ta cika shi da dabino, don a wurinta abin kunya ne mazubi ya koma gidansu ba komai a ciki. Duk yawon da na sha daga Manhattan zuwa Queens, kofin yana cikin jakar Ishaya, rataye a bayan ƙofar ɗakinmu.

Baba Ayuba ya ɗauka, ya shafa lotsawar da babban yatsa, ya sunsuna, ya yi atishawa. Ya ce, "Wannan dai na Istifanus ne." Ya dubi wanda ke hannuna. "To 'yata, wancan da kika ji hannu a kansa, na wane marigayin ne?"

Na ce, a hankali, "Na mijin wata Baturiya ne a Queens, Baba."

Dauda ya kwanta a ƙasa. Da ya samu numfashi sai ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Anti, don Allah dubi fuskarki." Na duba. Gashin baki ne cikakke, har da lanƙwasa a ƙarshe, ga wasu baƙaƙen layuka biyu a ƙarƙashin ido inda na share hawaye. Da haka na yi wa'azin nan duka. Na so dutsen ya tsage in shige, amma dutsen Amurka bai san kara ba.

Na fayyace musu komai, tun daga yaji har muciya. Ina yi ina satar kallon Ishaya, don fushinsa ne na yi makonni ina gudu. Ya yi dariya har ya riƙe ciki, sannan ya jiƙa hankici ya shiga goge mini fuska da kansa. Ya ce, "Ke dai da kin faɗa mini. Ai da na yi baƙin cikin kwana biyu, da mun nema tare." Wannan ta fi dariyar su Dauda shiga jikina.

Baba Ayuba ya ɗauraye kofin Baba na gaske, ya zuba shayi ya ba ni. Har lokacin akwai ƙamshin yaji a ciki, na sha ina tari, aka tafa mini. Na bogin kuma ya ce kada a yar, mai shi ya yi ta burin zuwa daji bai samu ba, ga shi na kawo masa kofinsa har ƙololuwa. Yanzu kofuna biyar muke tafiya da su, kuma Dauda bai sake kirana Anti ba, sai dai Kofur mai gashin baki.

Abin da na koya bai da yawa. In ka yi ɓarna a gida, ka buɗe baki tun kafin ka kai ga kunna kyandir. In kuma kana jawabi ka ga kafaɗun mutane suna rawa, kada ka yi saurin ɗauka cewa ka taɓa musu zuciya. Ka dakata tukuna ka nemi madubi.