Ruwan da ya cinye kwanon uwargida

Ko tsufa ya kwashe mini tunani, ba zan taɓa mantawa da ranar da na dafa wa kaina kunya a kasuwar Tasawa ba.

Ni kayan sola nake sayarwa, kuma Alhamdulillahi. Damuwata ɗaya, taubashina Sani. Rumfarsa tana kallon shagona, ga shi ya iya haɗa allon lantarki da hannunsa. Zai zana hanyoyin wuta a kan farantin tagulla, ya tsoma a wani ruwa mai kalar shayi, ruwan ya cinye duk inda bai zana ba. Masu lambu daga Kona sai su sayi famfo a wurina, su tsallaka wurinsa suna "Injiniya! Injiniya!" (Ni kuwa "mai shago" ake ce mini, kamar ba a yanka mini rago ba.)

Da na ji shugaban ƙungiyarsu, Alhaji Idi, zai ba Sani gyaran akwatunan famfunansu gaba ɗaya, abinci ya daina yi mini daɗi. Na aika Maraɗi aka kawo mini ruwan, na kalli bidiyo ɗaya da rabi a waya, na gayyato Alhaji ranar kasuwa ya ga aikin manya.

Sani a cikin wani tsohon bidon roba, wato jarka, yake ajiye nasa ruwan. Na nuna wa Alhaji da baki.

"Dubi ƙazanta, Alhaji. Aikin ilimi a bidon mai?"

Sai na fito da sabon kwanon silba, wanda uwargida ke kai wa baƙi fura a ciki (ban tambaye ta ba), na fara tsiyaya.

Sani ya ɗago kai daga can. "Taubashi, ba a zuba shi a ƙarfe!"

"Ka ji hassada ko, Alhaji?" na ce. Ni, wai.

Ban ma kai ga tsoma allon ba kwanon ya ɗau zafi. Ruwan ya hau kumfa, ya fara hayaƙi, ya yi ambaliya a tebur, ya bi farar shaddata har ƙasa. Alhaji, mai shekara saba'in, ya yi tsallen da ban taɓa zaton yana da shi ba.

"Malam Harisu, wannan shi ne aikin, ko gobarar ce tukuna?"

Sani ne ya rugo da yashi ya rufe ɓarnar, ya ja ni ya yi ta kwarara mini ruwa a hannu, yana dariya har da hawaye.

"Abin da ke cin tagulla, silba ai kunu ne a wurinsa!"

Aikin dai Sani ya samu. Abin da ya fi ƙona ni, a gabana ya ce wa Alhaji duk kayan da za a buƙata a shagona za a saya, wai nawa sun fi inganci. Ko damar jin haushinsa bai bar mini ba.

Kwanon ya koma rariya, shaddar ta koma tsumma, uwargida ta kwana uku tana kirana Injiniya.

Yanzu na sani: wannan ruwa a roba ake ajiye shi, da murfi, da suna a jiki, nesa da ƙarfe. Hassada ce dai har yau ban samo bidonta ba.