Akuyar da na kai jami'a

Ba zan taɓa mantawa da wata safiyar Asabar ba, ranar da na tashi gyara wa malamar jami'a karatu.

Na yi shekara da shekaru ina koyar da kemistiri a wata sakandare a Kebbe, har yaran gari ba su san sunana ba sai Malam Kemistiri. Da aka ce ba ƙarin girma sai da digiri, na shiga karatun ƙarshen mako. Babur zuwa Tambuwal, bas zuwa Sakkwato, in zauna cikin sa'o'in 'ya'yana da furfurata. Abin da nake taƙama da shi a ajin nan ɗaya ne, kowa ya ɗauka na sani.

Ranar aka fara darasin kwantam, wato yadda ilektiron ke zama cikin ƙwayar zarra. Malamar, wata matashiyar dakta mai tabarau, ta zana wani abu kamar kwanson gyaɗa, ta ce a nan ake samun ilektiron. Na duba, na ce a raina yarinyar nan ta rikice. Na ɗaga hannu (da ma ya shanye a lokacin).

"Dakta, a yi haƙuri, wanga zane akwai gyara."

Ta miƙo min alli da hannu biyu. Ko wannan bai sa na farga ba. Na goge gyaɗarta, na zana da'irori tsaf, na juyo na saki muryar da nake tsorata 'yan aji huɗu da ita: "Ilektiron akuya ce a turke! Tana zagayawa..."

"...igiya ba ta barin ta shiga gonar maƙwabci," in ji Dakta, har da ɗaga yatsa irin nawa.

Innalillahi! Duk duniya ɗalibaina kaɗai suka san wannan. Na ƙura mata ido. Hadiza ce, tsohuwar ɗalibata 'yar garin Fakku, mai zama layin gaba tana damuna da tambaya. Ajin ya kwashe da dariya, gumi ya jiƙa min hula, na rasa inda zan ajiye allin.

Ita ko murmushi ba ta yi ba. Ta ce, "Ku yi shiru. Akuyar ga, ita ta kawo ni nan." Sannan ta juyo. "Malam, in an kwance akuya an tafi da ita, mi ka nuna inda ta saba tsayawa?"

Na ce, murya ƙasa-ƙasa, inda ƙasa ta fi tattakuwa.

"To shi na zana. Ilektiron ba ta da igiya, ba ta da hanyar da za a bi ta. Abin da muka iya sani shi ne inda aka fi sa ran samun ta."

Wallahi abin da na kasa fahimta a littafi, a tsaye na gane shi, da allin mutane a hannuna. Kunya ta kama ni, daɗi kuma ya fi kunyar yawa.

Bayan darasi ta same ni a bakin ƙofa, ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ni, ta tambayi iyali. Na ce a raina, to, jarrabawa kam an ci.

Da sakamako ya fito, da ƙyar na tsallake. Tun daga nan ba na karɓar alli sai na kalli fuskar mai miƙo shi da kyau.