Yadda Za Ka Samo Kaka Daga Shekarar 1517

Ɗan'uwa, in kana neman aure a Jidda kuma an fara tambayar yaushe naku suka zo, kwantar da hankalinka. Ni Zaharadden na unguwar Nuzla na ba ka tabbaci, bi matakan nan za a saurare ka baki buɗe. Ni ma an saurare ni.

Mataki na 1: San ciwonka

A nan, wanda kakansa ya tako da ƙafa daga ƙasar Hausa har ya ƙetare teku, shi ake ba kujera. Mu 'ya'yan jirgin sama sai tabarma. Maha, yarinyar da ta hana ni barci, 'yar unguwar Safa ce, mahaifinta Ammi Abdulelah (ammi shi ne baffa a bakin 'yan nan) kuwa jikan masu ƙafa ne. Ka ga ai dole in nemo kaka.

Mataki na 2: Kama shekara ɗaya tak

Kada ka karanta tarihi duka, ba jarrabawa za ka rubuta ba. Ni 1517 na kama, don shekara ce mai kaya. A cikinta jiragen Turawan Fotugal suka taso wa Jidda, aka kore su da igwa. A cikinta Turkawa suka ci Masar. A cikinta jakadan Fotugal na farko ya isa ƙasar Sin. Haddace ukun nan, halas, shi ke nan. In wani ɗan iyayi ya tambaye ka 1518, ka yi tari ka nemi ruwa.

Mataki na 3: Cusa kakanka a tsakiya

Gaskiya uku za su iya goya ƙarya ɗaya, na auna. Na ja Ammi zuwa Balad, tsohon garin Jidda, da la'asar, na dafa wani tsohon bango a bayan shagon turare, na sassauta murya. “Ammi, a nan kakan kakanmu ya tsaya yana miƙa wa masu igwa albarushi. Shi ne Bahaushe na farko da ya taɓa ganin Bature.” Ka ɗan share ido. Ni wallahi sai da na tausaya wa mutumin, alhali a tasi na ƙirƙiro shi.

Mataki na 4: Kada abin ya yi daɗi da yawa

A nan nawa ya zarce. Ammi ya riƙe kafaɗata ya ce, “Masha Allah, ya waladi, ɗana! Yalla, kawo mahaifiyarka ranar Juma'a mu ji daga tushe.”

Mataki na 5: Shirya mahaifiyarka tun a gida

Ni ban shirya tawa ba, nauyin baki ya hana ni. Ummata, Hajiya Latifatu, ta sa abayarta ta biki, ta zauna a falonsu da gahawa a hannu. Ammi ya kawo zancen igwa. Ta dube shi, ta dube ni.

“Igwa kuma, Alhaji? Ni jirgi na hawo daga Kano da goyon yayan yaron nan, ina ta amai har muka sauka. Wankau na yi a gidajen mutane na raine su. Ubansu leburan tashar jirgin ruwa ne, Allah Ya jiƙansa.”

Ammi ya ce amin, har ya miƙe ya ƙara mata gahawa da hannunsa. Sannan ya juyo.

“Tayyib. Wace shekara ce ta sauka, ya Zaharadden?”

Kai, jama'a! Na san shekarar jakadan Fotugal, ban san wannan ba. Kunya ta rufe ni, na kafa wa kafet ido kamar zan saya.

“Ran da ka sani ka dawo,” in ji shi. “Kafin nan a bar maganar Maha.”

Gargaɗi

Duk abin da ya same ka, ba ruwana, ni ban aike ka ba. Kada ka zo min Nuzla da ƙorafi, ina fama da nawa. Musamman in a hanyar komawa mahaifiyarka ta yi ta kallon taga har kuka kusa gida, sannan ta ce, “Ashe kunyata kake ji, Zaharadden?” Wannan ba ni da matakinsa.