Injin Jibo da Mutanensa Tara

A wani ƙauyen Sarkawa da ke bakin Kwara, can ƙasar Yawuri, an yi wani mutum wai shi Anaruwa. Ya ba arba'in baya, ga ƙirji ga dantse, kuma duk yankin babu mai nutso kamarsa. Amma fa kan nan nasa, sai dai addu'a. Abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. Yana zaune gidan yayarsa Tasalla, wadda mijinta Jibo ya bar wa tsohon jirgin katako mai inji a ciki. Da can jiragen biyu ne, rana ɗaya aka saye su, injinsu iri ɗaya. Ɗayan ya nutse shekara uku da suka wuce, maƙare da mutane; an ceto sauran, amma Jibo da fasinja takwas, ko takalmin mutum ɗaya ba a gani ba.

To, a shekarar da nake ba ku labari, injin jirgin da ya rage ya fashe ana tsakiyar damina. Ga Inna, mahaifiyarsu, tana can gungu, wato tsibirin tsakiyar kogi, tare da masu noman shinkafa. Ruwa kullum ƙaruwa yake, ya yi ƙarfin da kwalekwale ba ya iya ƙetarawa. In ba a samu inji ba kafin gungun ya nutse, Inna ta tafi ke nan.

Wata rana Tasalla ta ce masa, "Tafi kasuwar Yawuri ka nemo mana inji irin namu sak. Kada ka yarda da wanda ya bambanta ko da ɗan tabo ne." Anaruwa ya tafi, kuma Allah ya taimake shi ya tarar da wani Banufe da inji irin nasu, lafiyayye, har ya tayar masa ya ji. Gogan naka ya zagaya shi sau uku, ya girgiza kai. "Namu a fashe yake ta gefen hagu. Wannan ba fashi." Banufen ya ce, "Ai shi ya sa kake neman wani!" Anaruwa ya ce, "Sak aka ce mini." Ya juyo gida abinsa. Washegari da Tasalla ta je da kanta, wasu mutanen garin Malale sun riga sun saye.

Wata rana, bayan an gaji da yawon kasuwanni, baƙin ciki ya ci Tasalla har ta jefe shi da ludayi. Ta ce, "Ka kashe mu, Anaruwa! Irinsa ɗaya ya rage, yana wajen Jibo. Sai ka je ka roƙe shi ya ba ka!" Magana ce ta ɓacin rai, kowa ya sani. Anaruwa ya ce, "To, Yaya." Ya ɗauki gorarsa ta iyo ya nufi kogi da hantsi. Bai dawo ba sai la'asar, ruwa na ɗiga daga jikinsa, leɓensa ya yi fari fat. Ya ajiye wani ƙarfe a gabanta, irin wanda ake murɗawa inji ya tashi, da jan ƙyalle ɗaure a mariƙinsa. Ita ce ta ɗaura wa Jibo ƙyallen nan da hannunta tun yana raye.

Tasalla ta ce, "Ina ka samo wannan?"

"Wajen Jibo."

"Wata biyu masu nutso suna neman jirgin nan ba su gan shi ba!"

"Su jirgi aka ce su nema. Ni wajen Jibo kika ce in je."

"To me ya ce maka?"

"Na yi sallama sau uku, na roƙa. Bai hana ba."

Daga ranar kajin gidan suka daina bi ta inda aka jingine ƙarfen nan.

Wata rana aka tara majiya ƙarfi da igiyoyi da durom shida, Anaruwa ya yi ta nutso yana ɗaurawa, har aka ciro injin daga laka. Aka kira Malam Bagudu, tsohon makaniken da ya kafa injinan biyu tun farko, ya ce zai haɗa lafiyayyun kayan wannan da na wancan ya tayar da guda. Da zai tafi sallar azahar ya ce, "Anaruwa, wanke shi da kananzir. Duk abin da ya fito daga jikinsa, kome ƙanƙantarsa, kada ka yar. Jera mini a tabarma." Shi noti da kusoshi yake nufi. Da ya dawo ya tarar da su a jere tsaf. A gefensu kuma ga dodon koɗi goma sha biyu, ga laka cikin kwanon tuwo, ga ɗan kunne ɗaya, ga 'ya'yan carbi huɗu, ga wani ɗan takalmin roba da bai kai tafin hannu ba. Malam Bagudu ya buɗe baki zai yi faɗa, sai idonsa ya faɗa kan ɗan takalmin. Ya cire hularsa ya ce, "Innalillahi. Injin nan da mutanensa tara ya tafi, kuma har yau yana ɗauke da su." Anaruwa ya gyaɗa kai, ya adana maganar nan yadda ya adana notin.

Kwana shida ana aiki, ran na bakwai inji ya tashi. Sai dai duk wanda ya ji ƙararsa ya ce ba ta jirgin Tasalla ba ce, ta jirgin Jibo ce, har da ɗan tarin da yake yi kafin ya kama. Mata suka shige ɗaka da 'ya'yansu.

Wata rana, wato washegari da sassafe, aka shirya ƙetarawa. Malam Bagudu ne zai tuƙa. Tasalla ta kama kunnen ƙanenta ta ce, "Mutum talatin jirgin nan ke ɗauka. Jibo bai ƙirga ba, ka ga abin da ya faru. Ko mutum ɗaya kada ka bari ya ɗoru a kai." Suka isa gungu suka tarar ruwa ya kai gwiwa a gonaki, mutane sun yi cirko-cirko a kan tudu da ƙullin kayansu. Anaruwa ya tare bakin jirgi. Ya nuna bencina biyu na kusa da inji ya ce, "Tara." Ya nuna Malam Bagudu, "Goma." Ya dafa ƙirjinsa, "Sha ɗaya." Sannan ya fara shigar da mutane.

Wani ya ce, "Kai, wane irin tara? Ba kowa a bencin nan!"

"Mutanen inji ne. Malam ya ce yana ɗauke da su."

Aka yi ta zagi, wani har ya ɗaga masa sanda. Ina! Yana kaiwa talatin ya gicciya hannu. Sai ga Inna tana tafe a hankali tana dogara kara, ita ce ta talatin da ɗaya. Ta ce, "Anaruwa, ni ma?" Hawaye suka zubo masa. Ya tsaya yana lissafi da yatsu, can sai ya ɗauke ta cak ya zaunar da ita a wurinsa, shi ya diro cikin ruwa. "Talatin," in ji shi. Ya tura jirgin.

Yana tsaye a tudu da sauran mutane suna kallo, jirgin ya kai tsakiyar kogi, daidai inda Anaruwa ya yi nutso. Sai suka ji ƙuuu, kamar ana jan turmi a kan dutse. Jirgin ya tsaya cak, ya karkata. Inji ya yi tarin nan nasa. Salati ya tashi ko'ina. Can sai ya zame, ya wuce. Da Malam Bagudu ya dawo ɗaukar sauran, sai aka tambaye shi abin da ya faru. Ya ce tsohuwar bishiya ce a ƙarƙashin ruwa, ita ta ci Jibo, kuma da an cika bencinan nan biyu, da ta tsaga cikin jirgin gida biyu. Wanda ya ɗaga sanda ɗazu ya sunkuyar da kai. A sawu na biyu, ta nesa aka zagaye wurin, kuma ba wanda ya ko kalli bencinan.

Da aka iso, kowa ya sauka, Tasalla ta bar Inna a gaɓa ta shigo jirgin. Rana ta take, katako ko'ina ya bushe ƙayau. Amma a bencinan nan biyu akwai jiƙa wuri tara, kamar inda masu jiƙaƙƙun kaya suka zauna, ɗaya ƙarama ƙwarai. Ta dafa wadda ta fi kusa da inji, ta ji sanyi har ƙashinta.

Anaruwa ya ce, "Yaya, ba wanda ya ce musu an iso." Ya juya wajen bencinan, ya rusuna. "Sannunku da hanya. An iso, sai ku sauka."

Ba iska, ba igiyar ruwa, amma jirgin ya yi sama kamar faɗin tafin hannu, har igiyar da aka ɗaure shi ta yi ƙara. Tasalla ta durƙushe, ta fashe da kukan da ta shekara uku ba ta yi ba.

Anaruwa ya jira ta har ta yi shiru, sannan ya ce, "Gobe daga ɗaya zan fara ƙirga, ko?"

Ta ce, "Daga ɗaya, ƙanena."