Na Sayi Shiru, An Tafi Da Taransifoma

Jama'a, yau da safe Sabuwa mai ƙanƙara ta wuce ni ko gaisuwa babu, Malam Dunoma maƙwabcina kuma ya janye tabarmarsa daga inuwar shagona. Laifina kawai na tausaya wa kunnuwana.

Shekara shida ina buga wa mutane takardu a nan Gashua da kwamfutar tebur. Akwatin wutar da ke cikinta, wanda masu gyara ke kira fawa saflai, fankarsa ruri take kamar injin niƙa. Ga shan wuta, ga zafi. Da na gaji sai na hau mota zuwa Nguru, wurin Adebayo mai kayan kwamfuta.

Ya miƙo mini wani ya ce, "Oga Lawal, ɗaga ka ji nauyi. Mai kyau ba ya zama sakayau. Wuta kaɗan yake ci, kuma wallahi sauro ya fi shi surutu."

Na saya, na dawo na ɗaura, ina ta yi wa kaina kirari.

Abin da na manta shi ne, a unguwarmu kowa zare filoginsa yake yi, domin wutar manya in ta ga damar zuwa takan zo a fusace ta ƙone firji. Kwamfutata ce zakaran gwajin dafi. In aka ji ta yi ruri ba ta mutu ba, sai kowa ya ruga ya jona kayansa.

Ranar Talata, bayan kwana goma sha ɗaya babu wuta, aka kawo ta da hantsi. Awa biyu cur! Ina ciki ina ta aiki tsit, raina fari ƙal, ba mahalukin da ya sani. Zoɓon Sabuwa ya yi tsami a cikin firjin da ba a jona ba.

Da labari ya fasu, Dunoma ya tare ni. "Kai Lawal, ka taɓa ganin ladanin da ya je neman maganin dushewar murya ya sayo na bebantaka?"

Na ce, "Ai ni ba ladani ba ne."

Ya ce, "To mu sahu muka ɗaura a bayanka."

Ranar Alhamis sai ga motoci uku. Shugaban ofishin wuta, Mai Girma Sarkin Kunnawa Da Kashewa, Allah ya ja zamaninsa, ya fito da rumfa da lasifika. Ya ce awonsu ya nuna an ba mu wuta awa biyu, unguwa guda ba ta sha abin da ya kai na dutsen guga ba. Ya yaba da tattalinmu har idonsa ya ciko. Aka ba mu takardar yabo mai zanen zinariya, muka tafa.

Sannan ya ce tunda mun nuna ba mu da buƙata, zalunci ne a bar taransifoma tana zaman banza. Za a kai ta unguwar mabuƙata. Ikon Allah, a can ne ake ginin sabon gidansa. Muna riƙe da takardar yabo aka ɗaure ta a bayan mota.

Garin neman ƙiba na samo wa unguwa rama, kuma abin ya yi mini ciwo. Jiya na mayar da tsohon mai rurin, na zauna ina kallonsa, shi ma yana kallona.

Saboda haka duk mai neman fawa saflai marar ƙara, kada ya ɓata kuɗin motar Nguru. Ya kawo kowane iri unguwarmu. Ko tarinsa ba zai ji ba, wuta kuwa ko ɗigo ba zai sha ba.