Ranar da Na Tsiyaye Man Motar Surukina

Bidiyo ɗaya na kalla a waya, na ji duk Dilimi, unguwar bakanikai, babu bakanike kamar ni. Da surukina ya ce zai kai a-kori-kurarsa ta jigilar katako a canza mata man aksil, wato man giyar tayoyin baya, sai na tare shi: "Haba Baba, ina raye?"

Na shige ƙarƙashin motar a bakin lungunmu, na kwance notin ƙasa, tsohon mai ya tsiyaye tas, har da 'yar waƙata. Sai na koma kan notin sama, inda ake ɗura sabo. Ashe tsatsa ta cinye shi. Na ja, na buga, na yi addu'a. Sifana ta karye, noti ko gezau.

Ga mota ba mai, ta toshe lungu, masu keke sai hon suke, lodi na jira a kasuwar Katako. Na kwanta a wurin ina fatan ƙasa ta tsage.

Baba ya leƙo. "Injiniya, bidiyon bai ce a fara gwada na saman ba?"

Bidiyon kuwa ya faɗa. Wurin ne na tsallake.

Har yau ko ruwan bokiti zan zubar, sai matata ta ce, "Injiniya, fara duba famfo."