Ranar da Na Wanke Ƙamshin Umma

Ba na jin zan taɓa mantawa da bikin ƙawata Fa'iza a Peckham, ko da ita amaryar ta manta.

Lokacin ina digiri na biyu a kimiyyar sinadarai, ina zaune a wani ɗan ɗaki a Camberwell. Ranar da zan baro Kano, Umma ta cire farin mayafin da ke kafaɗarta ta cusa mini a akwati. Tun da na sauka London ban yafa shi ba, ban kuma wanke ba. A leda na ƙulle shi. Duk ranar da kewar gida ta taso ni a gaba, sai in ɗan buɗe bakin ledar in shaƙa: turaren wuta, man zafin da take shafa wa gwiwa, da wani ƙamshi da ita kaɗai ke da shi. Sai in yi maza in ƙulle kada ya ƙare (ga mai karatun kimiyya tana tattalin iska a leda).

Bikin ya faɗo a bazara, kamu da walima duk a lambun gidan Anti Rabi, gwaggon amarya. Na san kowa zai zo da uwarsa, don haka na ce ni ma da tawa zan je. Na ciro mayafin. Kafin in yafa na lafta man kariyar rana a fuska da wuya, ban ko jira ya bushe ba.

A wurin kamu kuwa bakina bai huta ba. Anti Rabi ta ga ina ƙara shafawa ta ce, "Ke da kika taso a ranar Kano, wannan 'yar ranar ta London ce za ta ƙona ki?"

Ai kamar jira nake. Na ce, "Anti, ba zafin ba ne matsalar, akwai hasken da ido ba ya gani, UV, shi ke lalata fata, har irin tamu. Sunscreen iri biyu ne. Akwai mai zinc, shi ne ke barin mu kamar mun yi birgima a toka. Nawa kuwa avobenzone ne a ciki, yana shanye hasken ya mai da shi ɗan ɗumi kafin ya taɓa fata."

Ta ce, "To, sannu Farfesa." Ni kuwa na ɗauka yabo ne.

Da na koma ɗaki na ga gefen mayafin ya yi maiƙo. Na ce bari in ɗauraye wurin kawai. Abin da Farfesa ba ta faɗa wa Anti ba, don ita ma ba ta tuna ba, shi ne avobenzone na kama ɗan ƙarfen da ke cikin ruwan famfo. Nan take wurin ya koma kalar tsatsa. Hankalina ya tashi, na tsoma mayafin gaba ɗaya a ruwan bilic. Tsatsar ta rikiɗe ta koma ja-ja, tun daga wuya har kafaɗa.

Mai hankali da sai ta nemi wani mayafin. Ni sai na naɗe jan a ciki na tafi walima, ina tafiya a sandare kamar mai ciwon wuya. Lafiya lau har aka zo hoto. Na ɗaga hannu zan gyara wa amarya gwaggwaro, mayafi ya warware. Wata Hajiya ta saki salati.

"Innalillahi! Jini ne? A kira Dakta Hauwa, tana cikin gida!"

Kafin in buɗe baki an zaunar da ni, an kawo ruwa, wata na cewa a yi calling ambulance. Anti Rabi ta ja gefen mayafin ta shinshina, ta ɗago ta dube ni.

"Farfesa, wannan kuma wane sinadarin ne ya shanye?"

Lambun ya kwashe da dariya. Ni ma na kai mayafin hancina don in ɓoye fuska, sai a lokacin na gane abin da na yi. Babu turare, babu man zafi, babu Umma. Warin bilic kawai, irin na banɗakin asibiti. Na fashe da kuka a gaban mutane, su kuma suka ɗauka kunya ce, suna ta ba ni haƙuri.

Da yamma na kira Umma na ba ta labari ina shessheƙa. Ta ce, "Tsaya. Kina nufin tun tafiyarki ba ki taɓa wanke shi ba? Kai, Allah Ya shirye ki, ƙazama." Ta yi dariya har da tari. Can ƙasa-ƙasa ta ce, "Ni ma zanin barcinki yana nan ƙarƙashin filona."

Ta aiko mini da turaren nata ta hannun wata mai zuwa. Na turara mayafin har ƙararrawar gobara ta ɗauki kuka, amma ƙamshin turare kawai ya yi.

Yanzu nakan bar man ya bushe kafin in yafa fari, ba na kuma yi wa iyaye lacca a gidan biki. Mayafin yana nan da jansa, na sa shi a saman akwatin da zan tafi da shi hutu. Umma ta ce za ta yafa mini shi na sati guda, da sharaɗin daga baya in wanke.